Ranar da esin motarmu ya mutu a hanyar Azare

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Kano zuwa Potiskum a watan Afrilu ba ta buƙatar a yi mata bayanin zafi. Za ki hango kwalta daga nesa tana sheƙi kamar ruwa ya kwanta a kanta, ki iso wurin ki tarar babu ko ɗigo. A irin wannan rana muka kama hanya, wata Juma'a bayan ƙaramar Sallah, za mu bikin ƙanwar maigidana. Mu shida ne a motar. Maigida yana tuƙi, surukata Hajiya tana gidan gaba, ni kuma ina baya da yara uku: babbar mai shekara tara, mai bi mata ɗan shekara biyar, sai jariri ɗan wata huɗu a cinyata.

Kafin wannan tafiya, ni dai a wurina esin mota sha'anin maza ne. In ya yi sanyi in ce alhamdulillahi, in ya ƙi in ɗauki mafici. Ranar na gane cewa in ya mutu a tsakiyar hanya, mu da ke baya riƙe da yara mu ne muka fi kowa shan wuyarsa, don haka mu ma ya kamata mu san yadda ake bin sawun matsalar kafin a zazzage aljihu a banza.

Fitowa daga Kano

Mun so mu fita da sassafe, amma kin san tafiya da yara. Wannan ya manta takalminsa, waccan tana neman ɗankwalin anko, sai wajen ƙarfe tara muka bar gida. Muka bi ta Hotoro, muka wuce Mariri inda kasuwar goro take, muka miƙe gabas.

Motar tamu ta hannu ce, ƙirar 2008, kuma ba ta taɓa ba mu kunya a doguwar tafiya ba. Sai dai akwai abin da ban kawo a raina ba sai daga baya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ya yi tashin gwauron zabo, maigida ya koma sauke gilashi a cikin gari. Watanni ke nan ba a kunna esin ba, ya wuce duk lokacin hunturu da ƙurarsa ba wanda ya taɓa shi. Da safen da ya gwada shi a ƙofar gida ya ji iska da ɗan sanyi-sanyi, ya ce lafiya lau. Gwajin bai kai minti biyu ba, kuma da sanyin safiya aka yi shi.

Har muka kusa Wudil komai daidai. Jariri ya yi barci, Hajiya tana jan carbi, yaran suna ƙirga tirelolin da muke wucewa.

Cunkoson Wudil

Mun manta cewa Juma'a ce ranar kasuwar Wudil. Tun kafin gada motoci suka tsaya cak. Ga manyan motoci shaƙe da shanu, ga masu babur ɗauke da awaki, ga Fulani mata da ƙorai a kai suna ratsa titi, ga 'yan talla suna ƙwanƙwasa gilashi da soyayyen kifi da rake. A ƙarƙashin gadar kogin ya janye, ya bar yashi fari fat, sai ruwa siriri yana bin gefe ɗaya, da lambuna kore shar a bakinsa.

Muna cikin wannan tafiyar hawainiya na ji iskar da ke busowa ta sauya. Ba ta tsaya ba, tana fitowa da ƙarfinta, amma sanyin ya gudu, sai ɗumi kamar numfashin mutum. Na ce, "Abbansu, kamar esin nan ya daina sanyi." Ya murɗa maɓalli, ya kashe ya kunna, ya ce, "Cunkoso ne, bari mu fita."

Da muka fita ya taka mota, sai kuwa sanyin ya ɗan dawo. Kowa ya saki ransa. Ashe a nan motar ta faɗa mana ciwonta ƙarara, mu ne ba mu iya jin yarenta ba. Ki riƙe wannan alamar, 'yar uwa: sanyi in ana gudu, zafi in an tsaya. Za mu dawo kanta.

Muka shiga Jigawa, muka wuce Shuwarin, mahaɗar da ake karkata zuwa Dutse, garin duwatsu da dabino. Rana ta take tsaka. Wayata ta nuna maki 41. Sanyin ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, har ya zama in ba kin kai tafin hannu bakin ramin iskar ba ba za ki ce an kunna komai ba.

"Gas ne ya ƙare, Alhaji"

A wani gari na bakin hanya muka hango rumfa da allo an zana fanka da ƙanƙara. Maigida ya tsaya. Wani saurayi ya taso da sauri, ya sa hannu a ramin iska, bai ko tambayi komai ba ya ce, "Gas ne ya ƙare, Alhaji. In aka ƙara gwangwani ɗaya shi ke nan."

Bai ɗora geji ba, bai leƙa gaban injin da kyau ba. Ya jona tiyo, ya juye gwangwanin gas, ya karɓi kuɗinsa, ya yi mana fatan sauka lafiya. Ban ce mugunta ya yi ba. Wataƙila iyakar abin da aka koya masa ke nan, kuma sau da yawa yana dacewa. Mu ma mun so mu ji hakan, don magana ce mai sauƙi: abu ya ƙare, a ƙara.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba abin ya ƙara lalacewa. Daga gaban mota sai ka ji "ƙwas", jim kaɗan ka sake jin "ƙwas", kamar ana kunna wani abu ana kashewa. Iskar kuma ta koma zafi zalla. Maigida ya kashe esin gaba ɗaya, muka sauke gilasai. Iskar waje ta shigo kamar an buɗe murfin tanda. Ba wanda ya ce uffan. Na ga kunnuwan maigida sun yi ja, na san haushin kuɗin da ya bayar yake ji, na kama bakina.

Abin da ya fi motar muhimmanci

Tsakanin Kiyawa da Jama'are jariri ya farka da kuka. Jikinsa ya yi zafi, wuyansa sharkaf da gumi, fuskarsa ta yi jawur. Mai bi wa babbar ya kwanta a kafaɗata ya ce kansa na ciwo.

Hajiya ta juyo ta miƙo mini ledar ruwa. "Ɗiga masa a baki, ƙishi ne." Na rasa yadda zan yi. A asibiti an ja mana kunne cewa jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko da a bazara ne, domin mafi yawan nonon ruwa ne, kuma ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba yana iya jawo gudawa. Amma ta yaya zan ce wa uwar mijina a'a? Na sassauta murya na ce, "Hajiya, likita ta ce in ana zafi in yawaita ba shi nono, ni kuma in yawaita shan ruwa." Ta yi shiru, ta dube ni, sannan ta ce, "To ke shanye, ya sha a jikinki." Ta ƙara mini leda biyu. Allah ya saka mata da alheri.

Na roƙi maigida ya tsaya a inuwa. Muka samu wata babbar tsamiya a gefen titi, kowa ya fito. Na tuɓe wa jariri kaya na bar shi da 'yar shimi, na jiƙa ɗankwali na goge masa wuya da hammata da cinyoyi, na ba shi nono. Na duba maɗigarsa ba ta faɗa ba, bakinsa da danshi, kuma ya jiƙa nafkin, hankalina ya ɗan kwanta. Manyan yaran na sa su kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, na jiƙa musu kai.

Ga abin da nake so kowace uwa ta sani. In yaro ya yi laushi, bakinsa ya bushe, yana kuka ba hawaye, ya daɗe bai yi fitsari ba, ko maɗigar jariri ta lotsa, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. In ya fara ruɗewa, ko amai, ko suma, ko ya ƙi karɓar nono, maganar gareji ta ƙare, asibiti mafi kusa za a nufa. Kuma kada a bar yaro a cikin mota a rufe a rana, ko da na "yanzu zan dawo" ne. Cikin mota yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna fiye da waje nesa ba kusa ba, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Bayan kamar rabin awa jariri ya lafa. Muka rataya jiƙaƙƙen zani a gilashin ɓangaren da rana take, muka lallaɓa. Muka haye gadar Jama'are, inda shi ma kogin ya zama yashi da 'yan kududdufai, shanu suna kwance a gefe. Ba mu tsaya ko'ina ba sai Azare.

Azare, lokacin Juma'a

Daga Kano zuwa Azare kimanin kilomita 200 ne, amma ranar sai na ji kamar mun ratsa Sahara. Azare babban gari ne, nan fadar Sarkin Katagum take, kuma duk matafiyin da zai Potiskum ko Damaturu ko Maiduguri ta wannan hanya sai ya ratsa ta cikinsa. Mun shiga ana ta haramar masallaci. Shaguna ana ja musu ƙofa, maza da yara sanye da fararen kaya, kowa da dardumarsa a kafaɗa.

Wani mai faci ya kwatanta mana garejin wani dattijo da ya ce duk unguwar shi ake kai wa esi da firji. Muka same shi yana alwala a gindin darbejiya. Ya dubi motar, ya dube mu, idonsa ya tsaya a kan jaririn. Ya ce, "Alhaji, mota za ta jira, salla ba za ta jira ba. Hajiya, ku shiga cikin gida, iyali na nan." Ya tura yaro ya yi mana iso, shi da maigida suka wuce masallaci.

Gidan na ƙasa ne, mai kaurin bango. Ina sa ƙafa a ɗakin matarsa na ji wani sanyi ya ratsa ni, alhali ko fanka ba ta juyawa don babu wuta. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta ɗebo ruwa a randa da moɗa. Wallahi ban taɓa shan ruwan firji da ya kai mini wannan daɗi ba. Ta dama fura, ta kawo wa yara, ta karɓi jaririn tana yi masa fifita da maficin kaba har ya yi barci. Ba ta san mu ba, ba ta tambayi ko su wane ne mu ba sai da muka huta. Hajiya da ita suka shiga hira kamar sun shekara da sanin juna, har suka gano suna da dangi a gari ɗaya.

Tambayoyin Baba

Da aka sauko daga masallaci na bar jariri wurin Hajiya na fito, don ina son in ga abin da za a yi. Dattijon, wanda kowa ke kira Baba, bai taɓa sifana ba sai da ya yi tambayoyi.

"Iska tana fitowa, ko ta ɗauke gaba ɗaya?"

Maigida ya ce tana fitowa.

"Yaushe ya fara?"

Maigida ya ce bayan Shuwarin. Na ce, "Baba, a gafarce ni, tun a cunkoson Wudil ya fara. Da muka fita muka yi gudu sai ya dawo."

Ya juyo ya dube ni. "Madalla, 'yata. Kin rage mini rabin aiki."

Ya sa aka tayar da mota aka kunna esi, ya buɗe bonet. Kafin in matso ya ɗaga hannu: "Tattare mayafinki tukuna. Bel da fanka ba su san mutum ba, kuma fankar nan tana iya tashi da kanta ba sanarwa." Na naɗe mayafi na riƙe, na leƙa.

Ya nuna mini wani dunƙulen ƙarfe da bel ke juyawa, ya ce shi ne kwamfuresa. Muna kallo tsakiyarsa ta kama da "ƙwas", ta juya na ɗan lokaci, ta saki. Ya nuna fankoki biyu da ke bayan lagireto. Ɗaya tana juyawa, ɗaya tana tsaye kamar an dasa ta. Ya ɗauko geji mai agogo biyu, shuɗi da ja, ya jona. Allurar jan ta haura sama sosai. Ya girgiza kai ya ce, "Wa ya ƙara muku gas? Motar nan ba ta rasa gas ba. Yanzu ma yawa ya yi mata."

Sai ya yi mana bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce esi ba ya ƙera sanyi, ɗan dako ne, zafi yake ɗauka daga cikin mota ya kai waje ya zubar. Ya ce, "Kin sha ruwan randarmu? Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka gas ɗin nan yake yi a cikin wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Ya shiga yana ruwa, ya zama tururi, ya kwashe zafin ɗakin mota. Kwamfuresa ya matsa shi ya turo shi gaba, zuwa wannan." Ya nuna wani faffaɗan abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma a gaban lagireto. "Sunansa kwandansa. A nan yake sauke kayan zafin da ya ɗauko, ya koma ruwa, ya sake zagayawa. In iska ba ta ratsa nan ba, ɗan dako ya rasa inda zai sauke kaya."

Ya kashe mota, ya zura hannu ta gaban, ya zaro wata baƙar leda da ta manne a jikin kwandansan. Bayanta kuma ƙurar hunturu ce ta haɗu da matattun ƙwari ta toshe ramukan. Ga fanka ɗaya ba ta aiki. Shi ya sa in muna gudu iskar hanya take ɗan taimakawa, in mun tsaya sai zafi ya taru. In ya taru matsin gas ya hau, akwai wani makunni da ke kashe kwamfuresa don kada ya lalace ko tiyo ya fashe. Da aka ƙara gas a kan wanda yake cike, matsin ya ƙara hawa, shi ne "ƙwas, ƙwas" ɗin da muka riƙa ji.

Saura a san abin da ya hana fankar juyawa. Ya buɗe wani baƙin akwati kusa da batir, ya zaro fiyus ya ɗaga shi a rana, wayar cikinsa ba ta tsinke ba. Ya zaro wani ɗan dunƙule da bai kai kwalin ashana ba, ya ce sunansa rile, shi ke ba fanka wuta. Ya duba lambar jikinsa, ya ga iri ɗaya ne da na hon, ya musanya su. Aka tayar da mota. Fankar ta tashi da gudu, hon kuma ya mutu. Yaran gareji suka sa dariya. Baba ya ce, "Ga ɓarawon."

Ya aiki yaro kasuwa ya sayo sabon rile. Ya wanke kwandansa da ruwa a hankali, ya ce in aka sa ruwa mai ƙarfi ramukan lanƙwashewa suke. Ya rage gas ɗin kaɗan-kaɗan yana kallon geji. Sannan ya buɗe ɗan akwatin da ke gaban kujerar Hajiya, ya zaro wata filta daga bayansa. Ni ban ma san akwai ta ba. Asalinta fara ce, amma ta koma jar ƙasa, har da ganye. Ya kakkaɓe ta ya ce mu sayi sabuwa in mun koma, don wannan iskar yaranmu ke shaƙa.

Da aka rufe gilasai aka kunna, ba a yi minti uku ba babbar 'yata ta ce, "Umma, sanyi!" Kuɗin rilen bai kai rabin abin da muka biya na gas ɗin da ba mu buƙata ba. Baba ya faɗa wa maigida gaskiya cewa da geji kawai ya daidaita, in mun koma Kano a zuƙe gas ɗin duka, a auna a sikeli, a zuba daidai adadin da aka rubuta a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet.

Abin da za ki iya lura da shi da kanki

Ba cewa nake ki zama bakanike ba. Amma mai gyara na gari da bayaninki yake aiki, kamar yadda likita yake aiki da bayanin uwa. Ga yadda Baba ya jera mini, daga mai araha zuwa mai tsada.

In iska ba ta fitowa sam, ko an murɗa maɓallin fanka har ƙarshe, ba maganar gas ba ce. A fara da fiyus, sannan fankar cikin dashbod.

In iska tana fitowa amma ba ƙarfi, ko tana warin ƙura, a duba filta. A ƙasarmu mai hunturu tana saurin toshewa.

In akwai sanyi lokacin gudu, babu a cunkoso, a duba fankar gaba da kwandansa. A kuma sa ido a kan allurar zafin inji. In ta haura, a kashe esi, a tsaya a inuwa, kuma kada kowa ya buɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa ne zai yi tsalle ya ƙona fuska.

In iska tana fitowa da ƙarfi amma ba sanyi ko kaɗan, a saurara ko kwamfuresa yana kamawa in an danna maɓalli. A yawancin tsofaffin motoci za ki ji "ƙwas" ɗin, ki ji sautin inji ya ɗan sauya. In shiru, yana iya zama fiyus, ko rile, ko gas ya yi ƙasa har makunnin kariya ya hana shi tashi. Geji ne kaɗai zai raba gardama.

In sanyi ya fara da kyau, bayan doguwar tafiya iskar ta riƙa raguwa, in an kashe na ɗan lokaci ta dawo, mai yiwuwa ƙanƙara ce ke taruwa a ciki. Shi ma a kai a duba.

In an ce gas ya ƙare, ki sa a tambaya: ta ina ya fita? Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ƙonewa yake ba, zagayawa yake a rufe. In ya ragu sosai akwai inda yake yoyo. Sau da yawa za a ga maiƙo da ƙura sun taru a mahaɗar tiyo, ko a shafa ruwan sabulu a ga kumfa. In ba a toshe ba, kuɗin gas za a yi ta zubarwa.

A tabbatar da irin gas ɗin. Yawancin motocin da ke hannunmu R134a suke sha, sababbi da yawa kuma R1234yf, kuma an rubuta a wannan takarda ta ƙarƙashin bonet. Ba a gauraya su. Kada a yarda a zuba na firji ko wani mai kamawa da wuta don araha.

In fiyus ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya. Kada a yarda a naɗa waya a madadinsa, hanyar gobara ke nan. In sabon ya sake ƙonewa, akwai matsalar waya da sai an bi ta.

Ruwan da kike gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota in esi yana aiki ba matsala ba ne, raɓar iskar da aka sanyaya ce.

Na ƙarshe, ko ana tsimin mai, a riƙa kunna esi na kamar minti goma duk mako, har da lokacin sanyi, don man da ke cikinsa ya zagaya robobin kada su bushe. In za a yi doguwar tafiya a gwada shi da tsakar rana, mota a tsaye, na tsawon lokaci. Da mun yi haka a Kano, da a ƙofar gida za mu kama ɓarawon.

Ragowar hanya

Mun bar Azare bayan la'asar. Matar Baba ta rako mu har bakin mota da ƙullin gyaɗa da aya na yara, ta ƙi karɓar ko sisi. Hajiya ta ciro turare daga jakarta ta tura mata a hannu, suka yi ta ja-in-ja har ta haƙura ta karɓa.

Daga Azare zuwa Potiskum kimanin kilomita 100 ne. Rana ta yi sanyi, inuwar kukoki ta miƙe a gonakin da aka share ana jiran ruwan farko. Yaran suka yi barci ɗaya a kan ɗaya. Jariri yana ta wasa da yatsunsa kamar ba shi ne ya tayar mana da hankali ɗazu ba. Tirelolin da ke jere a bakin titi su suka fara shaida mana mun iso Potiskum, garin babbar kasuwar shanu. Mun shiga gidan biki ana kiran magariba. Mun rasa kamu, amma mun iso da yaranmu lafiya.

A hanya maigida ya dube ni ta madubi ya ce, "Ashe ke kika gano ciwon tun a Wudil." Kafin in amsa Hajiya ta ce, "Wanda ke baya ai shi ya san inda rana take duka." Yanzu duk tafiyar da za mu yi, ni ke tuna masa a duba fanka da filta, ni kuma ke sa jarkar ruwa, da ɗan tawul, da mafici, da garin gishiri da sukari na asibiti a jakar yara. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya haɗa mu da mutanen kirki a inda ba mu san kowa ba.